Lambar da ke Ƙasan Katin

"Lambar wa za a sa a ƙasa, wadda masu zuwa bikin za su kira?" in ji mai buga kati.

Angon ya san mahaifinsa ya sa rai tasa lambar za a sa. Amma ya tuna in'inar tsohon, yadda kalma ke maƙale masa har mai sauraro ya ƙosa. Ya tuna dangin amarya da abokan ofis. Sai ya karanto lambar abokinsa.

Bayan an raba katunan, ya leƙa gida. Tun daga bakin ƙofa ya jiyo mahaifinsa shi kaɗai a ɗaki yana cewa, "M-m-mun gode, sai kun zo." Ya maimaita, ya sake maimaitawa, har ta fita sumul.

Da ya shiga, wayar tsohon na kan cinyarsa, kusa da katin da idonsa ba ya ganin ƙananan rubutunsa.

"Ango, d-duba min wayar nan. Har yanzu ba wanda ya k-kira. Ko ta lalace ne?"

Ya karɓa, ya yi ta juya ta, ya kasa ɗago kai.

"Lafiyarta ƙalau, Baba."