Saurayin da Bai Ji An Ce Hanya Ba

Malam, tunda ka ce zancen nema wa ɗalibanmu wurin aiki ya jira sai sun gama jarrabawa, bari in ba ka wani misali.

An yi wata malama a makarantar kurame da take koyar da yin burodi. Cikin ɗalibanta akwai wani saurayi da hannunsa ya faɗa sosai, in ya murza kwaɓi ya yanka, ba sai an ɗora a sikeli ba. A ɗakin koyon nasu teburi a tsakiya yake, kowa na fuskantar kowa. In za a buɗe tanda, malama ta buga ƙafa a dandamalin katako, duk su ji a tafin ƙafarsu su ɗago kai. Da shekarar ƙarshe ta kama, ta roƙi wani mai gidan burodi a cikin gari ya ɗauki saurayin in ya gama, ya ce ya amince. Ta ƙudurta za ta je ta ga wurin da idonta, ta kai yaron ya saba, ta nuna wa ma'aikatan yadda ake kiran kurma. Abin yana ranta, yakan faɗo mata tana cin abinci ta ajiye cokali. Amma yau gyaran takardu, gobe taron iyaye, jibi ɗinkin kayan bikin yaye ɗalibai. Kullum sai ta ce mako mai zuwa. Har aka yi bikin aka watse ba ta taka ƙofar gidan burodin ba. Ranar da saurayin zai fara aiki, kwatance kawai ta yi masa da hannu, ya hau mota ya tafi shi kaɗai.

Gidan burodin kuwa da baki yake tafiya. Teburan a jikin bango suke, masu kwaɓi sun ba tanda baya, tsakaninsu da ita wani ɗan lungu ne da mutum biyu ba sa giftawa. Duk wanda ya kwaso gwangwanayen burodi daga wuta sai ya daka tsawa, “Hanya!” kowa ya lafe a jikin teburinsa har ya wuce. An gaya musu sabon yaron kurma ne, sun kuma ji tausayinsa, amma bakin da ya shekara yana cewa hanya ba ya tuna wa yake ji, wa ba ya ji. Saurayin ya lura akwai abin da ke sa mutane su lafe a lokaci ɗaya, bai gane mene ne ba. Sai ya riƙa aiki yana waiwaye, ya yanka kwaɓi ya waiga, ya shafa mai a gwangwani ya waiga, har wuyansa ya ƙage, hannun nan nasa mai kyau ya fara kuskure. Wata rana da hantsi, aiki ya kacame, ya ɗauki faranti cike da kwaɓi ya ja da baya, daidai lokacin da wani magidanci cikin ma'aikatan ya taho da gwangwanaye masu zafi a kan katako yana ta ihun hanya. Suka yi karo. Gwangwanayen suka zube a damtsen magidancin, fata ta saɓule. Mutum ne mai iyali, da hannun nan yake ci da su.

Washegari malama ta iso a gigice, mayafinta a karkace. Ta tsaya a lungun tana ƙoƙarin nuna musu alamar tsaya da alamar zafi, tana cewa a juya teburin yaron ya fuskanci tanda, a riƙa taɓa kafaɗarsa. Duk gaskiya ta faɗa. Sai dai kowa hannunsa dumu-dumu cikin kwaɓi, masu sari na jira a waje, burodi na neman ƙonewa, ita kanta sau biyu ana ce mata hanya. Mai gidan ya ja ta gefe ya ce, “Malama, ran Juma'a ba ma kunna tanda sai an sauko daga masallaci. Da kin zo mana tun kafin ya fara, da mun zauna mun koya, teburi kuma ai ɗagawa ake yi. Yanzu yarana tsoronsa suke ji, shi ma tsoronsu yake ji.” Ta juya wajen saurayin, wanda yake tsaye a bakin ƙofa ya ƙi shigowa, ta tambaye shi da hannu ko zai sake gwadawa. Ya dubi lungun, ya dubi gurbin magidancin da babu kowa a ciki, ya kwance ƙyallen aikin da ke ƙugunsa ya ninke, ya miƙa wa mai gidan da hannu biyu.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ba a fafe gora ranar tafiya.