Mai Turare da Ƙamshin Mangwaro

Alhaji, tun da ka ce hankalinka a kwance yake saboda ba ka taɓa jin warin taba a jikin 'ya'yanka ba, to ka saurari wannan misali.

An yi wani mai sayar da turare da ya shekara ashirin da shida a sana'arsa, har ya kai idan aka ɗiga masa turare a bayan hannu, yakan faɗi abin da aka haɗa da kuma abin da aka yi algus da shi. Yayansa, uwa ɗaya uba ɗaya, taba ce ta yi ajalinsa, bayan ya yi wata goma sha ɗaya yana tari. Ranar da aka dawo daga maƙabarta, mai turare ya yi alkawari tsakaninsa da Allah cewa wannan cuta ba za ta sake ɗauke masa kowa ba. Sai ya kafa doka a gidansa: duk yaron da ya dawo daga makaranta, sai ya zo ya durƙusa dab da gwiwarsa ya gaishe shi. Yara sun ɗauka ladabi ake koya musu, alhali shinshina yake yi. Yana duba leɓe ko ya fara baƙi, yana laluba aljihu ko zai ji ashana. 'Ya'yansa maza uku su ya fi sa wa ido. Ta huɗun, 'yar shekara goma sha shida, bai taɓa kawo ta a ransa ba.

Ita kuwa, wata rana a lokacin tara, a bayan ajinsu, wata ƙawarta ta miƙa mata wani abu mai kama da biro, launin ruwan hoda, wato sigarin lantarki. Ta ce mata ba taba ba ce, tururi ne kawai, ruwa da ƙamshi. Duk wadda ta ƙi karɓa, 'yar ƙauye ake kiranta har a tashi. Zuƙar farko ta yi ta ne don kada a yi mata dariya. Ta biyu don daɗin mangwaron da ke ciki. Daga nan ba ta ƙara sanin dalili ba, sai dai idan ba ta zuƙa ba kanta ya yi ta sarawa. Da ta durƙusa gaban ubanta, ya ji ƙamshin mangwaro da na'ana'a a hijabinta, sai ya yi murmushi ya ce, "Uwata, wannan haɗin na wane ne? Ki tambayo mini inda ake sarowa, zai karɓu a shago." Ta ce na ƙawarta ne. Sau biyu yana ganin abin a jikin caji kusa da wayarsa, yana ɗauke shi ya ajiye mata a kan taga don kada ƙafa ta taka. Haka aka yi wata goma.

Sai azumi ya kama. Ranar tara ga wata, tsakanin azahar da la'asar, ya dawo gida ɗaukar wata kwalba da ya manta. Yana shiga ya ji ƙamshin nan, sabo, a gidan da kowa bakinsa a rufe yake. Ya bi shi har bayan tankin ruwa. Nan ya tarar da ita a tsugune, farin tururi yana fita ta hancinta. Ta ce, "Baba, wallahi ba taba ba ce, tururi ne." Ba ƙarya ta shirya masa ba, abin da aka faɗa mata ta maimaita. Da aka tsare ta da tambaya, sai ta amsa cewa cikin kwana taran nan ko ɗaya ba ta kai magariba ba, tana dai zama a yi sahur da ita, a sha ruwa da ita. Ya ɗauki abin ya daka a turmi. Bayan kwana uku aka ga wani a cikin safarta. Da ya kai ta asibiti, likita ya gaya masa cewa sinadarin da ke ɗaure mai shan taba shi ne a cikin wannan ruwa, toka da wari kawai aka cire, su ne kuwa kaɗai abin da mai turare ya iya ganewa. Har aka ga watan Salla, azumi huɗu ta samu. Sauran ashirin da biyar suna nan a wuyanta. Kullum da asuba takan ɗaura niyyar ramuwa, kafin rana ta take sai ta warware.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.