Ciwon Idon Yaƙubu

Yaƙubu na Karofane yana da ɗan aibi irin namu na magidanta: damina na faɗuwa, sai ya ƙirƙiro ciwon ido. Shekara uku ƙannensa ke nome masa gero.

Da masu duba ido suka zo gari, matarsa Zinariya ta ja shi gaban lokotoro, wato likita. Aka ɗauki hoton cikin idon da salula.

"Hawan jinin ido ne, yanzu ya soma," in ji lokotoro.

Yaƙubu ya daka tsalle har hula ta faɗi. Ƙarya ta zama gaskiya! "Kin ji ko, Zinariya? Mi na ce miki?"

"Lokotoro, noma fa?" in ji ta.

"Ɗigon magani ɗaya kullum. Wanga ciwo ba ya hana noma."