Ranar da Aka Sauke Allon Sinima Rubi

Da hantsi ƙugiyar wani injin ɗaga kaya ta cafki allon Sinima Rubi. Tun zamanin sarki yake manne a hawa na biyu na wani tsohon bene a Alƙahira, jar fitilar niyon mai zuzuniya kamar sauro. Sai wani banki ya sayi ƙasan benen, yana son bango fes. Ba a jima ba kansila Bayumi ya gano cewa allon hatsari ne ga jama'a.

Sitt Insaf, wata dattijuwa mazauniyar benen, na tsaye bakin titi, ko ƙyaftawa ba ta yi. Marigayi mijinta ne ya lanƙwasa gilasan allon da numfashinsa, ɗakinta kuma a bayansa yake, ya toshe mata taga. Nan kwamitin ceton allon ya yi ta zama, da fitila a kunne ko da tsakar rana, har suka ƙarar mata da sukari. Hotonta suka ɗaga a gaban majalisa. Kome aka tambaye ta, sai ta ce, "Allah ya yi mana zaɓi."

Ustaz Shukri, shugaban kwamitin, ya matso yana sharar hawaye.

"Daure, Sitt. Wani munafuki ne a unguwar nan ya yi ta sintiri gidan kansila. In na gano shi, wallahi ɗanye zan cinye shi."

"Da waɗanne haƙoran, Ustaz?" in ji Ramzi mai gahawa.

"Rufe mana baki, kai da ka shayar da leburorin sauke allon da safe!"

Insaf ta dube su kamar mai kallon bango. Da aka kwantar da allon a bayan mota, ta haye sama a hankali, ta sauko rungume da tulu.

"Allah sarki," in ji Ustaz, yana miƙa hannu. "A wannan hali ma ta tuna da ƙishinmu."

Ta wuce shi. Motar na tashi, ta ɗaga tulun ta rotsa shi a bayan motar, yadda mutanen Alƙahira ke yi wa baƙon da ba sa fatan ya dawo.

Kansila Bayumi ya leƙo daga motarsa.

"To, Sitt Insaf, ga rana nan ta shiga ɗakinki. Yanzu dai kya bar ƙofar gidana ta huta ko?"