Hannun da ke Tada Maharazu

Ciwon kan zo wa Maharazu kamar an jona masa wayar lantarki a kuncin dama, ya ratsa har cikin ido. Ya daina aski, ya daina tauna goro. Fataucin albasar da yake yi zuwa Kwanni ta Nijar ma ya bar wa ƙanensa Sufyanu. An sha rubutu, an sha ƙwayoyi har yana tafiya yana tangaɗi. Daga ƙarshe Sufyanu ya sa shi a mota daga Illela sai asibiti a Sakkwato.

"Jijiyar fuska ce," in ji likita. "Abu kaɗan ke tada ta, ko iska, ko ruwan alwala. Kai me ke tada maka?"

"Hannun matata Humaira. In na kwanta bayan azahar, ita ka shafa min kunci in tashi la'asar. Na hana ta, ba ta bari."

Sufyanu ya sunkuyar da kai.

Likita ya yi musu bayanin allurar botulinum. Dafin wata ƙwayar cuta ne da aka tace, ana sa shi ɗigo-ɗigo a ƙarƙashin fata, ya kwantar da jijiyar na 'yan watanni. Aka yi masa.

Ba a jima ba ciwon ya lafa. Bakinsa ya ɗan karkace, amma ya ci tsire, ya zauna gaban wanzami.

Wata ranar kasuwa Sufyanu ya leƙa gidan, ya same shi yana barci a tabarma ƙarƙashin rumfa. Tsakar gida shiru, murhu babu toka. Ladan ya fara kiran la'asar.

Maharazu ya yi murmushi da rabin baki, idanunsa a rufe.

"Yau babu zafi, Humaira. Bar hannun nan."

Tausayi ya kama Sufyanu. Ya durƙusa zai tashe shi, sai ya ƙame. A wannan zafin da ko randa ke bushewa, ga shatin yatsu huɗu a jiƙe a kuncin yayansa, ruwa na gangarowa cikin gemu yana warin laka.

Damina uku ke nan da kwalekwale ya kife da Humaira a tafkin Kalmalo, har yau ruwan bai maido da gawarta ba.