Tafiyar Baba

"Ba ke na tambaya ba, Hajiya, shi na tambaya," in ji likitar.

Uwar ta juya ta dubi ɗanta. Tun da ta haifi wannan ɗa nata ita ce bakinsa, domin jikinsa ya girma har da gemu, hankalinsa kuwa na yaro ne. Tun damina ya daina cin abinci, yana buga kansa a bango, har maƙwabtansu a Kawo suka ce iska ce. An sha rubutu, an yi hayaƙi, sannan ta kawo shi asibitin ƙwaƙwalwa.

"Ba zai gane ba, likita."

Likitar ta zuba masa ido tana jiransa. Can ya ɗago kai.

"Kun ce Baba ya tafi Legas," ya ce, yana ciro kalmomin ɗaya bayan ɗaya. "Na ga makara ta taga. Kowa ya yi kuka. Ni kuka kulle ni a ɗaki, kuka kunna mini rediyo."



Ya sauko daga kujera, ya durƙusa a gaban uwarsa, ya yi mata irin gaisuwar da ya ji mutane sun yi mata ta bayan ƙofa.

"Inna," ya ce, "ya haƙuri?"