Wutar Da Mijinyawa Ya Ɓoye

A wani ƙauye kusa da Kajiji, wutar gwamnati ta daɗe da zama labari. Tun da taransifoma ta ƙone ba wanda ya sake zuwa duba ta. Falwayoyin suna nan tsaye, tsiraran wayoyin sun yi sako-sako, kuma kowa ya ɗauke su matattu. Mata na ɗaure awaki a gindin falwaya ba tare da wani tunani ba.

Mijinyawa kaɗai ke da janareta a garin. Da ita yake cajin wayoyi a shagonsa na bakin kasuwa, da ita firjinsa ke yin ƙanƙara. Ba mugun mutum ba ne, amma yana da wayon da yake ganin ya fi na kowa.

Da bazara ta kama, mahaifiyarsa ta kwanta ciwo a gidanta da ke can ƙarshen gari. Zafi ya hana tsohuwa runtsawa, ɗakin kwano kamar tanda. Abin ya dami Mijinyawa ƙwarai. Ya sayo mata fanka, sai dai jan sabuwar waya daga shago zuwa can ya fi ƙarfinsa. Rannan ya ɗaga kai ya dubi wayoyin gwamnati da suka bi ta kan shagonsa suka wuce ta ƙofar gidan tsohuwa, ya yi murmushi. Ya jona janaretarsa a wannan gefe, ya jona fanka a wancan. Fanka ta juya, tsohuwa ta yi ta sa masa albarka.

Matarsa Kulu ba ta ji daɗin abin ba. Ta ce, “Malam, ka hwaɗa ma mai gari a yi shela. Mutane sun ɗauka wayar ga ba ta da rai.”

“A yi shela?” in ji shi. “Ke kin san mutanen garin ga? Ran da sunka ji akwai wuta bisa waya, kowa sai ya maƙala tashi. Mai rediyo, mai guga, har wanda bai da ƙwan lantarki guda. Injina ya ƙone, wa za ya biya ni? Ki kama bakinki.”

Kulu ta kama bakinta, amma hankalinta bai kwanta ba.

Wata ranar kasuwa da hantsi, Altine ya tsaya shagon. Makiyayi ne, kuma a garkensa shanun Mijinyawa suke. Sun saba da tsokanar juna tun suna samari. Ya ajiye gatarinsa, ya karɓi ruwan sanyi ya shanye.

“Mai ƙanƙara, shanunka sun rame, sun yi kama da kai,” in ji Altine yana dariya. “Ba ciyawa ko’ina. Yanzu gawon bakin gari za ni hau in sassabo musu ganye.”

 Mijinyawa ya san gawon sarai, ya san wayoyin sun ratsa ta cikin rassansa. Ya buɗe baki zai yi magana, sai ya ga shagon cike da jama’a, kowa da kunnensa. Kalma ɗaya, asirinsa ya tonu. Ya haɗiye maganar. A ransa ya ce bari ya sallami waɗannan, sai ya kashe injin na ɗan lokaci, ba wanda zai gane.

“Allah shi kiyaye,” shi ne kawai abin da ya ce.

Altine ya saɓa gatari ya tafi. Masu sayen ƙanƙara suka yi ta shigowa, wannan na miƙo kwano, wancan na neman wayarsa. Wata mata ta tsaya gardamar ba a cika mata caji ba. Mijinyawa ya manta.

Kururuwa ce ta tuna masa. Ya fita da gudu ba takalmi. Ya tarar da jama’a sun kewaye gindin gawo, shanu na tsaye suna cin ganyen da ya zubo. Altine na kwance a ƙasa, tafin hannunsa na dama ya ƙone, wuyansa ya karye. Rai ya riga ya yi halinsa.

Wani dattijo ya dubi sama yana salati, ya ce, “To wayar ga da ta mutu tun dauri, daga ina wuta ta hito mata?”

 Sai aka ji ƙarar inji daga bakin kasuwa, inji ɗaya tilo a duk garin. Idanu suka juyo kan Mijinyawa. Ya durƙushe.

Bayan jana’iza hukuma ta tafi da shi. Amma abin da ya fi ci masa rai ba ɗauri ba ne. Hauwa’u ce, matar Altine, da ta tare shi da goyonta kafin a sa shi a mota. Ba ta zage shi ba. Ta ce, “An ce ya sha ruwa shagonka da sahe, ya hwaɗa maka inda za shi. Mi ya hana ka ce mishi kada ya hau?”



Jama’a, kada mu jona janareta da wayar gwamnati da hannunmu, ko da wayar ta shekara goma ba wuta. Wannan aikin ƙwararru ne da izinin hukuma. Kuma wanda ya san akwai haɗari ya yi shiru don kare abin hannunsa, da hannunsa a cikin duk ran da ya salwanta.